Yadda na ceto hotunan biki daga faifan sabar gida da ya lalace

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo na biki da suna a nan Kano, kuma duk aikin da na yi tun da na fara yana zaune ne a cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur da ƙanena ya mayar mini da ita saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli sauran na'urori suna ɗauka daga wurinta, a kusurwar ɗakin da nake aiki. Linux ya sa mata, samfurin Debian, da faifan ajiya guda biyu masu terabayit 4 kowanne. Ya haɗa su a tsarin da ake kira RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ana rubuta shi a ɗayan. Ni dai daga laftof ɗina folda kawai nake gani, in jefa aiki in ɗauko aiki. Da ta ƙi buɗewa, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wane mataki ke gaba da wane, domin kowa na tambaya da irin tasa shawarar, kuma rabin shawarwarin da na bi su da yanzu ba ni da komai. Shi ya sa zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki.

Cikin Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 da rana. Ina tsakiyar juye katin kyamara zuwa sabar aka ɗauke wuta, batirin UPS ɗin kuma, na'urar da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, ya riga ya tsufa, ya yi ƙara biyu ya mutu. Da na tayar da inji kwamfutar ta kunna lafiya, fankarta na juyawa, fitilarta na ci, amma foldar ta ɓace daga laftof. Na jawo allo na haɗa mata, sai ga layuka suna ta gangarowa, kalmar I/O error na maimaita kanta, daga ƙarshe ta ce ta kasa buɗe tsarin fayilolin, wanda nasa sunan ext4. Aikin da nake juyewa a lokacin bai dame ni ba, yana nan a kati. Damuwata bukukuwan watannin baya ne waɗanda ban kai ga miƙa wa masu su ba, domin katunan da na ɗauke su da su tuni an goge an sake aiki da su. A cikinsu har da auren 'yar wata Hajiya da ta biya kuɗin aiki gaba ɗaya tun kafin ɗaurin aure.

Ƙanena yana hidimar ƙasa a kudu, inda waya ke shiga da ƙyar. Da na same shi tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaya, faifan yana ƙara? Sa kunnenka, kana jin ƙwas-ƙwas ko wani gurnani?" Na kasa kunne, babu komai sai ƙugin da na saba ji. Ya ce to alhamdu lillahi, in kashe ta yanzu, in zare ta daga soket, kada in sake kunnawa don in gwada sa'a. Bayanin da ya yi mini daga baya shi ne, idan faifai na wannan ƙwas-ƙwas ɗin, galibi allurar da ke karanta farantin cikinsa ce ta samu matsala, kuma duk juyawar da ya ƙara yi tana iya kankare farantin. Wannan ba aikin gida ba ne, sai kamfanin da ke da ɗaki marar ƙura inda ake buɗe faifai a sauya masa allura. Idan kuwa yana juyawa shiru, kwamfuta na ganin sa da girmansa daidai, to akwai abin da mutum zai iya yi da hannunsa.

Washegari na zare faifan biyu, na liƙa wa kowanne salatif na rubuta "sama" da "ƙasa" gwargwadon inda yake a cikin akwatin, na naɗe su a tawul na nufi kasuwar 'yan kwamfuta. Shagon farko, yaron ya zura ɗaya a akwatin USB ya soka a kwamfutarsa mai Windows. Nan take saƙo ya fito yana neman a shirya faifan kafin a yi amfani da shi. Yana kai hannu kan linzami yana cewa, "Oga, ai fomat yake nema, in mun yi sai mu sa masa rikabari, komai zai dawo." Na riƙe hannunsa. Windows ba ya karanta ext4, ba ya kuma gane RAID ɗin Linux, saboda haka ko faifan lafiyarsa ƙalau haka zai ce. Wannan saƙon bai nuna lalacewa ba ko kaɗan, amma amsa masa da "to" yana rubuta sabon abu a kan tsohon. Wani mai shagon ya ce in bar masa su zuwa mako, bai iya gaya mini me zai yi musu ba. Na uku kuwa cewa ya yi a sa a firiza ya kwana. Na karɓi kayana na dawo gida, na rasa kuɗin adaidaita da yini guda.

Wanda ya fitar da ni wani abokin babban yayanmu ne, injiniyan sadarwa a Kaduna, wanda ya yarda ya bi da ni ta waya da WhatsApp bayan ya tashi aiki. Da na gama zayyana masa sai ya ce, "Ƙanena, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka yi daidai da ka dawo da su gida." Ya ce in ɗauki faifan nan kamar tsohon jaki da ke ɗauke da kaya, tafiyar da ta rage masa kaɗan ce, a cikinta za a kai kayan gida, ba za a zagaya gari da shi ana gwada ƙarfinsa ba. Ma'ana, abu ɗaya za a nema daga gare shi: a kwafe shi kaf, tun daga sektar farko har ta ƙarshe, wato ƙananan gurabun da faifai ke ajiye bayanai a ciki, zuwa wani faifai mai lafiya. Duk wani gyara a kan kwafin za a yi shi. Ya kuma sa na tuntuɓi wani kamfanin ceto bayanai a Legas don in san inda na tsaya. Sun ce in aiko ta kamfanin aika kaya, za su duba su faɗi farashi, amma in ya kai ga buɗe faifai in shirya kuɗin da ya ninka na sabon faifai sau da yawa, kuma babu alƙawarin komai zai dawo. Na ajiye lambarsu a matsayin mafita ta ƙarshe.

Sai sayen faifan da za a kwafa a kai. Injiniya ya ce mai terabayit 8 zan nema. Mai terabayit 4 ba zai yi ba, domin kwafin kaɗai zai cinye shi, kuma fayilolin da za a tsamo suna bukatar nasu wurin. A nan ma akwai tarko. Kasuwa cike take da faifan da aka ciro daga tsofaffin sabobin ƙasashen waje, a goge su a sa a sabuwar leda. Na tafi da laftof ɗina da manhajar CrystalDiskInfo, na ce ba zan biya ba sai na ga awannin da faifan ya yi yana aiki. Na farkon da aka miƙo mini a matsayin sabo dal ya nuna awanni sama da dubu 20, wato fiye da shekara biyu yana kunne dare da rana. Mai shagon bai ko ji kunya ba, ya shiga ciki ya ɗauko wani. Wannan ya nuna sifili, na biya kusan naira dubu 300, na karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal ɗinsa. Na haɗa da sababbin wayoyin SATA, masu haɗa faifai da cikin kwamfuta, da ƙaramin filash.

Matsala ta gaba wuta ce. Faifai mai terabayit 4, ko da lafiyayye ne yana ba da megabayit 150 a daƙiƙa, sai ya ci awa bakwai da wani abu kafin a karance shi, balle mai ciwo. Ba wutar layi ba, ba injina ba, babu wanda zan amince wa da wannan. Na kwashi kwamfutar zuwa gidan yayata inda suke da sola da inbata mai riƙe dare, ta ba ni ɗakin baƙi. Na buɗe murfin akwatin na saita fankar tebur tana hura faifan kai tsaye. Injiniya ya hana ni amfani da akwatin USB, ya ce yawancinsu da sun ci karo da sekta marar kyau sai su sandare ko su yanke faifan gaba ɗaya, gara a haɗa da wayar SATA a jikin madabod, babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar. Na sauke SystemRescue na sa a filash, wani ƙaramin Linux ne da ke tashi daga filash ɗin, ɗauke da duk kayan aikin da ake bukata. Wajen tayar da shi ya sa na ƙara kalmar nomdlvm, don kada ya yi karambanin haɗa RAID ɗin da kansa yana tashi.

Abu na farko da muka yi shi ne tantance wane ne wane. Linux na kiran faifai sda, sdb, sdc, kuma waɗannan sunayen suna iya sauyawa duk lokacin da aka sake kunna kwamfuta. Wanda ya juya su wajen kwafi, ya kwafe faifan da babu komai a kan mai bayanan, shi ke nan an gama. Saboda haka da umarnin lsblk na fito da lambar siriyal ta kowanne, na gwada da wadda ke rubuce a jikinsa, na rubuta a takarda na liƙa a bango. Daga nan muka kulle tsofaffin biyu da blockdev --setro yadda ba za a iya rubuta musu komai ba. Sai smartctl, mai karanto rahoton da kowane faifai ke ajiyewa game da lafiyar kansa. Na sama ya rubuta PASSED a kai, har na fara murna. Injiniya ya ce in manta da wannan in gangara ƙasa. Layi mai lamba 5, wanda ke ƙirga sektocin da faifan ya riga ya yi watsi da su ya musanya, ya haura ɗari. Mai lamba 197, sektocin da ya kasa karantawa yake jiran hukunci a kansu, ya fi haka yawa. Na ƙasa kuwa waɗannan layukan duk sifili ne, sai dai lamba 199 da ta yi dubbai, ita kuma yawanci waya take nunawa ko bakin soket, ba farantin ba.

Umarnin mdadm --examine, na manhajar da ke kula da RAID a Linux, ne ya warware mana labarin. Kowane faifai a RAID yana rubuta ranar ƙarshe da aka taɓa shi da wani ƙidaya da ake kira Events. Na sama ya nuna ranar da aka ɗauke wutar. Na ƙasa ya nuna wata rana a cikin Nuwamban bara. Ashe tun lokacin waya ta yi sako-sako, tsarin ya fitar da shi daga aiki ya ci gaba da ɗaya, kuma ba a saita masa imel ɗin da zai kai ƙara ba. Wata biyar ke nan ina tafiya a kan faifai guda, shi ma mai ciwo. Amma akwai alheri a ciki: na ƙasan lafiyayye ne, yana riƙe da duk abin da na mallaka har zuwa Nuwamba ba tare da ko ƙwarzane ba. Abin da ake nema daga mai ciwon aikin wata biyar ne kawai. A nan Injiniya ya ja kunnena sosai. Da na mayar da su akwati na gyara wayar na ce tsarin ya sake haɗa su, zai ɗauki na sama a matsayin mai gaskiya tun da shi ne sabo, ya kwafe ɓarnarsa a kan na ƙasa, kuma ya tilasta wa mai ciwon karatu mai nauyi da zai iya ƙarasa shi. Na zare na ƙasan na kai shi wani ɗaki daban.

Kwafin da ddrescue muka yi shi, manhajar GNU da Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Bambancinta da kwafi na yau da kullum shi ne ba ta tsayawa gardama da wurin da ya lalace. In ta ci karo da shi sai ta tsallake ta kwashi mai sauƙi tukuna, tana rubuta duk inda ta bi da inda ta bari a wani ɗan fayil na taswira. Wannan taswirar ita ce ran aikin: ko wuta ta ɗauke, ko faifan ya sandare, in an dawo daga inda aka tsaya za a ci gaba. Sabon faifan mun shirya shi da wani tsarin fayiloli da ake kira XFS, za a ga dalili a gaba, kwafin kuma ya tafi cikin fayil guda ƙato. Zagayen farko mun sa mata -d don ta yi magana da faifan kai tsaye, da -n don kada ta tsaya kankare wuraren da suka ƙi. Na karanta wa Injiniya umarnin harafi bayan harafi, ya sa na sake karantawa, sannan ya ce in yi bismilla in danna.

Awannin farko gudu take yi, megabayit 170 a daƙiƙa, ina kallon lambobi suna hawa har na fara lissafin zan kwana a gida. Da ta kai wani yanki sai gudun ya faɗo zuwa 'yan kilobayit, wani lokacin sifili na tsawon mintuna, lokacin da ta ƙiyasta ya rage ya tashi daga awanni ya koma watanni. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Na aika wa Injiniya hoton allon da tsakar dare, ya amsa da safe cewa ƙiyasin nan ba abin kallo ba ne, in duba layin da ke nuna lokacin da aka yi karatu mai nasara na ƙarshe, in kuma riƙa taɓa faifan ina duba zafinsa kada ya wuce digiri 45. A cikin wannan jiran ne Hajiya ta kira. "Ɗan nan, shiru muka ji, amarya har ta tare tana ta tambayar albam." Na ce, "Hajiya, a gafarce ni, na'urar da hotunan ke ciki ce ta samu matsala, ana kan aikin ciro su, ba zan ce miki ga rana ba sai na gani da idona." Ta yi shiru, ta ce Allah ya sa a dace. Gaskiyar da na faɗa mata tun a lokacin ta sauƙaƙa mini maganar da muka yi daga baya.

Zagayen farko ya ƙare da kashi 99.9 da ɗoriya. Kada wannan lambar ta ruɗi mutum, domin kashi ɗaya cikin dubu na terabayit 4 gigabayit 4 ne, hotuna ɗaruruwa ke nan. Muka sake sakin ta ba tare da -n ba, ta koma tana bin wuraren da ta tsallake sekta-sekta, sannan da -r ta maimaita waɗanda suka ƙi, har da bi ta baya da -R. Wannan ya fi na farkon cin lokaci nesa ba kusa ba, abin da yake tsamowa kuma yana ta raguwa. Da abin da ya rage ya sauko ƙasa da megabayit 40, lamba 197 kuma tana ta ƙaruwa, Injiniya ya ce ya isa, matsin da za a ƙara yi masa ɓarna zai jawo. Na kashe, na zare shi, na kwafi fayil ɗin taswirar a filash da waya da imel ɗina.

Dalilin XFS shi ne wannan. Kwafi biyu na faifai mai terabayit 4 ba sa shiga mai terabayit 8, sun ɗara shi da kaɗan. Amma XFS da wani tsarin fayilolin, Btrfs, suna da dabarar cp --reflink, wadda ke ba ka kwafi na biyu cikin ƙiftawar ido ba tare da cin wuri ba, sai abin da ka sauya a kansa kawai yake ɗaukar fili. Saboda haka na asalin muka kulle shi, muka yi na gwaji, in ya ɓaci a share a sake wani. Kafin komai, Injiniya ya sa muka yi amfani da --fill-mode na ddrescue muka cike duk ramukan da ba a karanto ba da wata kalma da muka ƙirƙira, wadda ba za a same ta a cikin wani fayil ba. Sannan muka ɗauki lambar Data Offset da mdadm ya nuna tun farko, wato sektar da ainihin bayanai suka fara, muka ninka ta da 512, muka ba losetup, umarnin da ke sa fayil ya bayyana kamar faifai, ya tsallake kan RAID ɗin ya kai mu inda ext4 ya fara. A RAID 1 kaɗai wannan ke yiwuwa, tun da kowane faifai cikakke ne da kansa. Mai RAID 5 sai ya kwafe dukkan faifansa ya haɗa kwafin.

Mun gwada buɗewa da ro da noload, wato karatu zalla kuma kada ya taɓa littafin da ext4 ke rubuta ayyukan da bai kammala ba. Ya ƙi, ya ce babban kundin da ke bayyana fasalin tsarin, wanda ake kira superblock, ya lalace. Ashe ext4 na ajiye kwafinsa a wurare da dama, kuma a faifai irin nawa na farkonsu yana bulo mai lamba 32768, na gaba 98304. Muka ba e2fsck, manhajar duba ext4 da gyara shi, lambar farko tare da -n, wato ya faɗi abin da zai yi kada ya yi. Ya zubo ƙorafi shafi-shafi. Da Injiniya ya duba ya ce yawanci ƙidaya ce da ta saɓa, mu sake shi da -y a kan na gwajin. Ya ɗauki awanni. Da ya gama na sake umarnin buɗewa, sai kawai ya dawo ba tare da ya ce komai ba, wanda a Linux shi ne alamar an dace. Na buga ls, umarnin jero abin da ke ciki, sai ga foldojina da sunayen da na ba su da hannuna. Na fita tsakar gida na zauna a kan tabarma, yayata na tambaya ko lafiya, na kasa ba ta amsa sai da na sha ruwa.

Murnar ta ragu da na shiga ciki. Foldar Fabrairu babu ita sam. An same ta a lost+found, inda e2fsck ke tara duk abin da ya tsinta bai san gidansa ba, sunanta ya koma lamba mai alamar # a gaba, amma abin da ke cikinta yana nan da sunayensa. Wata foldar kuma, ta kamun auren 'yar Hajiya, ta buɗe amma rabinta babu. Na kwashe duk abin da ya samu da umarnin kwafi na rsync zuwa fili a sabon faifan, sannan muka sa umarnin bincike na grep ya bi fayilolin yana neman kalmar nan da muka cusa a ramuka. Duk fayil ɗin da ta bayyana a cikinsa, mun san yana da rauni ko da sunansa da girmansa sun yi daidai. Ba don wannan dabarar ba da sai na buɗe hotuna dubbai ɗaya bayan ɗaya, ko in miƙa wa mutane bidiyon da zai tsaya a tsakiya. Jerin ya fito da fayiloli talatin da 'yan kai.

Rabin foldar kamun da ya ɓace PhotoRec ne ya nemo shi, manhajar Christophe Grenier da ke zuwa tare da TestDisk. Ita ba ruwanta da tsarin fayiloli, tana bin faifai ne tana shinshinar farkon kowane irin fayil, in ta gane JPEG ne ko RAW ko MP4 sai ta yanko shi. Mun ce ta bi wurin da tsarin ke ɗauka fili ne kawai, mun kuma zaɓi nau'in da muke so, in ba haka ba sai ta cika faifan da tarkace. Abin da take bayarwa ba suna ba folda, sai f da dogon lamba, ɗari biyar-biyar a foldojin recup_dir, haɗe da duk hoton da na taɓa gogewa da gangan tun shekarun baya. ExifTool ya raba mini gardama, ya karanta ranar da awar da kyamara ta rubuta a cikin kowane hoto ya jera su kwana-kwana, na je ranar kamun na kwashi nawa. Hotunan RAW da suka samu rauni kuma, wato ɗanyun hotunan kyamara da ba a gyara ba, da yawansu akwai JPEG da kyamara ke ɓoyewa a cikinsu, shi ma ExifTool ya zaro shi, ya isa a buga a albam.

Bidiyo ne ya ba da wahala. Fayil ɗin MP4 yana da wani sashe da ake kira moov, shi ne jadawalin da ke gaya wa manhaja inda kowane hoto da sauti yake, kuma kyamarori da yawa a ƙarshen fayil suke rubuta shi. Guda biyu sun rasa wannan sashen, sun ƙi buɗewa ko kaɗan. Manhajar untrunc ta gyara ɗaya, bayan na ba ta wani lafiyayyen bidiyo da na ɗauka da kyamarar a saiti iri ɗaya ta yi koyi da shi. Ɗayan ma ya dawo amma wajen minti huɗu na tsakiyarsa sun tafi, daidai shigowar dangin ango. Na je gidan Hajiya da kaina na nuna mata, na ce zan mayar da wani abu daga kuɗin. Ta ce, "Bar shi ɗan nan, ƙawayenta duk sun ɗauka a waya." Daga wayoyin nasu na karɓo na cike gurbin, ingancin bai kai ba amma an ga kowa.

Faifan ƙasa bai ba da matsala ba. Da sabuwar waya, a kulle, ta hanyar losetup ɗin nan, ya buɗe tashi ɗaya, na haɗa tsohon aiki da sabon da aka ceto. Jimillar abin da na kashe, da faifai mai terabayit 8, da wani sabo mai terabayit 4 da ya maye gurbin mai ciwon, da batirin UPS, da wayoyi da data da zirga-zirga, ya doshi naira dubu 500. Manhajojin duk kyauta ne. Injiniya ya ƙi karɓar ko sisi, sai turare na aika masa.

Abin da na fahimta game da RAID 1 shi ne maganin mutuwar faifai guda ne kawai, shi ma in an sani da wuri. Fayil ɗin da ka goge da kuskure, ko wanda ɗaukewar wuta ta ɓata, ko wanda ƙwayar cuta ta kulle, a faifan biyu lokaci guda abin ke faruwa. Ni sa'a ce ta sa nawa ya rabu tun Nuwamba. Masu wannan harka suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Yanzu mai terabayit 8 ɗin yana gidan yayata, ina ɗauko shi in juye sabon aiki in mayar, kuma ba na goge katin kyamara sai aikin ya shiga wuri biyu. Ajiya a intanet tana da kyau ga takardu da hotunan da aka gama gyarawa, amma ga mai bidiyon biki kuɗin data ba zai bari ba.

Sanin halin da sabar ke ciki kuma bai da wuya kamar yadda na zata. Umarnin cat /proc/mdstat yana nuna UU idan faifan biyu na aiki, in ɗaya ya fita sai ka ga U da ɗan layi a ƙasa. Ƙanena ya saita mdadm da smartd, mai sa ido kan lafiyar faifai, suna turo saƙo, muka zare waya da gangan muka tabbatar saƙon yana isowa. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai riƙe da faifai dubbai yana wallafa rahoton mutuwarsu, ya ce layuka biyar na rahoton lafiyar faifai yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198. Ɗaya daga cikinsu ya tashi daga sifili, a fara neman kuɗin sabo. UPS ɗin ma yanzu an haɗa shi da sabar da wayar USB ta manhajar NUT, batir na yin ƙasa take kashe kanta cikin tsari. A garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ina ganin wannan ya kamata a fara saya tun kafin faifai na biyu.

Mai ciwon yana da sauran garanti, mai shagon da na saya a wurinsa ya ce in kawo a musanya. Ban kai ba. Cikinsa akwai hotunan matan mutane a wurin kamu da lalle da sa amarya a ɗaki, wuraren da aka bar ni na shiga bisa amana, kuma faifan da ke kasa karatu ba a iya tabbatar da an goge shi tas. Wanda zai miƙa faifansa ga mai gyara ko kamfanin ceto ya tuna cewa duk abin da ke ciki zai iya buɗuwa a gabansu, ya tambaya tun farko wa zai gani da kuma yaushe za su share kwafin da ke hannunsu. Nawa yana cikin ledar da ba ta tara lantarki a durowa mai makulli, da filash ɗin taswirarsa ɗaure a jiki, sai na tabbata babu wanda zai dawo neman wani abu daga aikin watannin nan biyar sannan in sa a huda shi da dirila.